Jinin Iya Tabawa

Da asibitin garinmu ya fara renon jini a kwalba, daga ɓargon Iya Tabawa aka ɗebi irin. Ita ce wadda ta binne 'ya'yanta duka tun tana goyonsu, har ake ce mata mai wabi.

Ranar kasuwa tana suyar waina, Sallau makaniki ya durƙusa gabanta tare da budurwarsa Ladiyo. Dukansu da jininta suka rabu da sikila.

"Iya, aure za mu yi," in ji Sallau. "Mun tambayi liman ko mun zama kamar 'yan uwan shayarwa, ya ce jini ba nono ba ne. Saura izininki."

Tabawa ta riƙe hannun Ladiyo, ta daɗe tana jin jijiyar tana harbawa.

"Likita ya ce irin nan ba zai daina tsirowa ba," ta ce a hankali. "Ina kabari, jinina na yawo kasuwa."

Sai ta juya wainarta, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Na amince! Masu ce mini mai wabi, ku zo ku raba mini gardama. Ran bikin nan uwar ango ce ni, ko uwar amarya?"