Hayaƙin Tsallaken Kwata

Tsumman da ta goge taga da shi da safe ya koma baƙi ƙirin tun kafin rana ta take. Ta matse shi a bokiti, ruwan ya fito kamar na wankin gindin tukunya. A kan katifa, 'yarta da suke kira 'Yar Tsana saboda ƙanƙanta tana jan numfashi, ƙirjinta na wani siririn fito.

Shiru-shiru matan gidan hayar suke kiran uwar, don ko gaisuwa kanta a ƙasa take yi. Amma tun ranar da nas ta ce asma ce, kuma ƙura da hayaƙi ke tayar da ita, ta tasar wa ɗakin kamar mai yaƙi. Ta naɗe kafet ta bayar. Ta bar shara da tsintsiya, sai dai ta bi siminti da jiƙaƙƙen tsumma. Risho ya koma tsakar gida, maganin sauro mai hayaƙi ya tafi bola, takalmi ko na waye a bakin ƙofa yake tsayawa. Duk wata tsaga a jikin taga ta cusa mata ƙyalle.

Duk da haka baƙin yana shigowa.

Bayan gidan akwai babbar kwata, a tsallakenta kuma filin da ake zubar da tarkace. Nan wani mutum yake tara tsofaffin wayoyin lantarki ya cinna musu wuta, robar ta ƙone, ya kwashe jan ƙarfen ciki ya sayar. Ba wanda ya san fuskarsa, kullum a naɗe take da tsumma, sai idanu. Da hayaƙinsa ya taso, yarinya ta fara tari.

Shiru-shiru ba ta taɓa tsanar ɗan Adam ba sai shi. Takan tsaya ta leƙa shi ta gefen labule, tana tsine masa a zuci.

Mijinta ya ce mata a siton wani kamfani yake aiki yanzu. Yakan fita da riga a goge, ya dawo da yamma fes, yana ƙamshin wani sabulu da ba irin nasu ba. Shi ya kawo labule mai kauri. Kwalbar maganin shaƙar yarinya kuwa bai taɓa bari ta ƙare ba. Wata rana yana ɗaura takalmi sai ya ce, “Yau ki rufe tagar baya da wuri.” Takan rufe, hayaƙin kuma yakan zo. Har mamaki take yadda ya iya karantar iska.

Ran nan yana cin abinci ta daure ta ce, “Baban 'Yar Tsana, ba za ka je ka yi wa mutumin nan magana ba?”

“Ki bar shi. Wa ya sani, ko shi ma yana da mai tari a gida.”

“To Allah ya sa nasa ya fi tamu jin jiki.”

Ya tsame hannu daga kwanon, bai ƙara loma ba.

Ranar da abin ya ɓaci, iska ce ta juyo gaba ɗaya kan gidan. Shiru-shiru ta jiƙa zane ta toshe ƙasan ƙofa, ta shaƙa wa yarinya magani, ta ƙara. Leɓunan 'Yar Tsana suka fara duhu. Maƙwabciyarta Mai Ɗinki ce ta saɓi yarinyar suka ruga asibiti.

Da numfashin ya daidaita, nas ta dubi hancin yarinyar, ta dubi uwar. “Ke me kike ƙonawa a ɗaki? Kashe ta za ki yi?”

Hannuwanta da tsumma ya saɓule kawai uwar ta kalla.

Suna dawowa, hayaƙin na nan yana tashi. Mai Ɗinki ta ci ɗamara da gyale ta bi ƙofa-ƙofa. “Ku fito! Yau ko mu ko ɗan iskan nan!” Shiru-shiru ta bar yarinya wurin wata tsohuwa da ke ɗakin ƙarshe, ta bi bayansu suka haye katakon kwata.

“Kai mugu! Buɗe fuskar mu gan ka, in kai namiji ne!”

“Baƙin maye! 'Ya'yan mutane za ka ƙarar?”

Mutumin ya miƙe da sandar tonon wuta a hannu. Ya bi matan da kallo, da ya zo kan Shiru-shiru da ke baya sai ya saki sandar, ya shiga tura ƙasa kan wutar da ƙafa.

Ba ta san lokacin da ta ɗauki gutsuren bulo ba. Ta jefa da duk ƙarfinta. Ya same shi a saman girar hagu, jini ya ɓullo ta cikin tsumman. Ko wayyo bai ce ba. Ya dafe wurin, ya bar buhunsa, ya bi ta bayan tarkace ya ɓace.

“Ashe Shiru-shiru hannu gare ta!” in ji Mai Ɗinki. Mata suka kwashe da shewa.

Da yamma ta goge ɗakin, ruwan bokiti ya fito da haskensa. Har tagar baya ta buɗe. Yarinya ta sha kunu ta zauna tana wasa da murfin kwano.

Mijin ya makara. Ya shigo da rigarsa a goge, da sabuwar kwalbar shaƙa a hannu, da wata hular hana-salla da ba ta san shi da ita ba. Ta tare shi tun daga ƙofa, ta ba shi labarin asibiti da na kwata.

“Ni na fasa masa goshi. Ni da hannuna. Ba zai ƙara dawowa ba.”

“Ba zai ƙara ba,” ya ce a hankali. “Yaya jikin nata?”

Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya ɗauki yarinyar. 'Yar Tsana ta yi dariya, ta kai hannu ta fizge hular.

A saman girarsa ta hagu akwai sabuwar filasta, jini ya riga ya jiƙa ta.