Filastar Hajiya Mastura

"Wallahi sai na sa an soke iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan!" Thamer ya daka wa Sajida tsawa, mai jinyar mahaifiyarsa a gidan tsofaffi na Safa. Ciwon daji ya ci ƙarfin mahaifiyar tasa, Hajiya Mastura, ga filastar kashe zafin da ake manna mata kullum sai ta ɓace, ta wuni tana nishi.

"Ɓarauniya! Wa kike sayar wa?"

"Rufe mini baki, Thamer," in ji Hajiya. Ta miƙa hannu da ƙyar, ta yaye mayafin tsohuwar da ke gadon gefenta. Ga filastar a kafaɗar tsohuwar.

"'Ya'yanta sun ce ƙwaya ce," in ji Hajiya, "sun hana a ba ta. Ni ina da mai yi mini ihu. Ita wa gare ta?"