Irin Waken Inna Saude

An sare tsamiyar ƙofar masallaci. Rijiyar tsakiyar gari ta koma famfon sola. Yaran da Zaharaddini ya bari da majina a hanci, su ne yanzu 'yan acaɓa a tashar Rogo. A cikin gida kuma rumbu ya zube tun daminar bara bai ma sani ba, kakarsa Inna Saude tana maƙabarta.

Shekaru ya yi a Fatakwal yana aikin sito, irin siton hatsin da in aka yi masa magani aka kulle, ko ɓera ba ya kwana da rai. Bai taɓa zuwa gida ba, amma bai daina aike ba. Ana saura kwanaki ta rasu ma sun yi waya, tana tsokanarsa yadda ta saba: "Angona, ka auro Bayarabiya ne ka manta da tsohuwar matarka?" Muryarta garau, ko tari babu.

Shi ya sa da aka ce masa ta kwanta lafiya ba ta tashi ba, bai yarda ba. Ya zo ne ya gano wanda ya yi sakaci da ita.

Ya fara da zargin baffansa Maikuɗi. Shi ya bar rumbu a zube, shi kuma gonar fadama ta faɗo wa. Da ya tsare shi da tambaya, Baffa ya sunkuyar da kai.

"Lokaci ne, ɗana. Da yamma da kanta ta tuƙa tuwo."

"Ba wanda ya ji motsinta?"

"Ƙofarta a rufe take."

Masu zuwa gaisuwa ba su ƙara masa komai ba, sai tarihi. Wannan ta ce Inna Saude ce ta riƙe gonar nan lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da mijinta, da goyo a bayanta take noman firi. Waccan ta ce a shekarar fari, da gari ya cinye irinsa, ita ta dafa wa 'ya'yanta tafasa ta hana a taɓa tulun irin wake, daga baya rabin garin nan na Fulatan a wurinta aka samu na shuka. Da rumbu ya zube, ba ta jira kowa ba, ta sa aka kwashe buhunan irin zuwa ɗakinta. Ta ce iri ba ya kwana a waje.

Ya sa aka buɗe masa ɗakin. Gadon ƙarfe, tasbaha a kan ƙusa, buhuna a jingine da bango. An cusa tsummokara a tagar. Ransa ya ƙara ɓaci: tsohuwa cikin zafin bazara a ɗakin da iska ba ta shiga, gida cike da mutane. Gwaggonsa Rumasa'u, wadda ta yi mata wanka, ta ce har kazarta mai kwanci an samu a ƙarƙashin gado ta mutu. Mata suka ce soyayya ce, dabba ma ta san uwar gijiyarta.

Ya je asibitin gari, ba su da labarinta. Ya je wurin liman, liman ya ce ya yi haƙuri ya daina tone-tone. Ya dawo ya yi wa Baffa Maikuɗi maganar da ba a yi wa baffa, a gaban jama'a, har dattijon ya yi hawaye. Bayan haka garin ya yi masa ƙunci.

Da safe yana ɗaure jaka, mai mashin yana jiransa a ƙofar gida, Gwaggo Rumasa'u ta shigo da ƙullin leda.

"Ungo, ka tafi da shi. Irin wakenta ne."

Ya zura hannu. Fari tas, ko huda ɗaya babu.

"Ka gani? Albarkarka ce," in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. "Har ranar ƙarshe tana sa maka albarka. Ƙwayar maganin ƙwarin nan da ka aiko, da hannunta ta sa a buhunan a yammacin ranar da ta kwanta ba ta tashi ba, ta toshe taga ta ja ƙofa yadda ka gaya mata a waya, ta ce angonta ya ce kada iska ta shiga."