Riyal Biyu Kan Kowace Bindiga

"Duk bindigar wasan da aka sayar, a ɗora mata riyal biyu," in ji Malam Badamasi a taron Hausawan unguwar Jaradiya. "Mu tara don kai masu taɓin hankali asibiti. Ƙarar nan ta kusa haukata mu!"

Kowa ya amince, har da Turai mai sayar wa yara bindigogin da harsashin roba.

Amma ƙara ba ta ragu ba. Sai Badamasi ya yi dabara: kullum ya taso daga aiki, sai ya saye bindigogin kaf ya ɓoye, don kada yara su samu. Turai ta ga kasuwa ta buɗe, ta dinga saro kwali-kwali.

Kafin Sallah, asusu ya cika fal.

Ranar Juma'a Badamasi ya tarar da 'yan kwamitin asusun a ƙofar gidansa, matarsa Khalida tana sharɓar kuka.

"Bindiga ɗari uku na gani a sito! Ga shi ko ɗa ɗaya ba mu da shi!"

Shugaban kwamiti ya dafa kafaɗarsa a hankali.

"Yalla, shiga mota, Malam. Kada ka damu da kuɗin likita, wani bawan Allah ya riga ya biya."