Wa Ya Taɓa Kwalbar Farfesa?

Karo na huɗu ke nan Farfesa ya zaro farantin daga tanda, kuma farar hodar tana nan yadda ya zuba ta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bincike a kan wannan sinadari, sodiyam molibdet. Marigayiya matarsa har gori take yi masa, wai ya fi sanin halin hodar nan a kan halin 'ya'yansa. Ba ta yi ƙarya ba. In da sanyi, ƙwayoyinta a jere suke reras, kowace kusurwa daidai da 'yar'uwarta. Da zafi ya haura digiri ɗari huɗu da hamsin, sai jerin ya karkace ya ɗauki wani fasali, ya ƙara sauyawa, kafin ta narke. A kan wannan sauyi ya yi suna, a kansa kuma zai yi jawabi a babban taron masana ranar Alhamis.

Amma yau hodar ta ƙi motsi.

Ya duƙa ya duba maɓallin tandar. Lambobin jikinsa a ɗari biyu da hamsin suka tsaya. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Wato har tandar ma an canja masa.

Mutum biyu ya zarga. Na farko shugaban sashe, wanda ya daɗe yana haƙon ɗakin binciken nan. Amma shi wannan rabonsa da leƙowa har Farfesa ya manta. Ba shi kaɗai ba, duk abokan aikin sun ɗauke ƙafa, kamar an yi musu taro a kansa.

Ta biyu kuwa tana tsaye a bayansa. Mataimakiyar da aka haɗa shi da ita ce, mace mai kimanin shekara arba'in, marar yawan magana. Ba ta sa farar rigar aiki. Bai taɓa ganin ta buɗe littafi ba. Amma ita ke riƙe da makullin kabad ɗin sama, ita ke miƙo masa kwalba kowace safiya, kuma in ya kunna tanda ba ta gusawa ko nan da ƙofa. Wani lokaci yakan kama ta tana kallonsa, sai ta yi saurin kau da kai. Fuskar ma kamar ya san ta a wani wuri. A ofishin shugaban sashe, watakila.

Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba ƙwayoyin. Masu kusurwa huɗu ne, tsaf. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san abin da yake yi.

Sai ya aikata abin da ya sha korar ɗalibai a kansa. Ya lashi yatsa, ya dangwala, ya kai baki.

Gishiri.

Ya juyo a hankali.

"Wa ya turo ki?"

"Babu kowa, Farfesa."

"Gishiri za ki ba ni? Ni? Tun kina ƙaramar yarinya nake wannan aikin! Ba ni makullin."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Makulli ba zai yiwu ba."

Ya daki tebur har kofin shayinsa ya tuntsure. Ya ce ta kwashe nata ya nata, ya kore ta, kuma sai ya rubuta ƙararta da hannunsa. Ta goge shayin da ya zube tukuna. Ta miƙa hannu ta bayansa ta kashe tandar, ta fita ta ja ƙofa.

A baranda ta jingina da bango, ta share ido da bakin mayafi, ta danna waya.

"Yaya, ya gano," ta ce ƙasa-ƙasa. "A'a, ba zan mayar masa da ta gaskiyar ba, ka manta ranar da ya zuba ta a shayi? Ka dai biyo da yamma ka zama shugaban sashe, ko ya yarda ya fito daga kicin ɗin nan in ɗora girki. Yau ma Baba bai gane ni ba."