Saniyar Habbanaye a Bakin Waya

Fari ya cinye garken Hama, wani makiyayi da ke zaune kusa da Birnin Lalle. Sai amininsa Agali ya ba shi habbanaye, wato aron saniya: ta haifa masa maruƙa, sannan ya mayar da uwar. A wajen makiyaya babu amanar da ta fi wannan nauyi.

Hankalin Hama a kwance yake saboda fadamar gawo da ke bayan gari. Gawo da rani yake ganye, shi ke riƙe dabbobi har ruwa ya sauka.

Wata rana farar mota ta tsaya a ƙofar mai gari. 'Yan furoje ne, wato ma'aikatan wani shiri, wani kamfani na ƙasashen masu arziki ya aiko su. Suka ce masana'antunsu sun cika sama da hayaƙi, itatuwan fadamar nan za su riƙa shanye shi, duniya ta huce. Suka yi alkawarin rijiya, suka miƙo takarda da Faransanci.

A garin, yi wa baƙo tambaya a gaban mai gari rashin kunya ne. Kowa ya dangwala yatsa, Hama ma ya dangwala. Matarsa Aisata ta tambaye shi abin da takardar ta ce, ya ce mata manya sun riga sun gani.

Manyan ba su ga komai ba. Kafin rijiya, wayar shinge ce ta fara zuwa. Aka kewaye fadamar, aka sa mai gadi.

Da bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare, saniyar ta rame, ga ciki ya tsufa. Hama ya jawo ta har bakin waya, ya roƙi reshe ɗaya.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji mai gadin. "Iccen ga an saida inuwarshi da iskarshi. Shekara talatin ba a taɓawa. Kai ma ka sa hannu."

"Ni ban da mota, ban da inji," Hama ya ce. "Wane hayaƙi na yi?"

Mai gadin ya koma bakin aikinsa. Shi ma ɗan garin ne, abinci yake nema.

Bayan kwana huɗu saniyar ta durƙusa a jikin wayar, 'ya'yan gawo na zube taku biyu daga bakinta. Nan ta mutu da ɗanta a ciki. Abin takaici, a makon nan aka zo aka ɗauki hoton itatuwan, ana yaba yadda suka yi kore shar.

Hama ya naɗe igiyar saniyar, ya taka har rugar Agali. Agali ya karɓa, ya ce Allah ne ya bayar, shi ya karɓe. Wannan haƙurin ya fi zagi yi wa Hama ciwo. Tun ranar, don kunya, bai sake shiga kasuwar dabbobi ta Dakoro ba.

Jama'a, kare itatuwa alheri ne, amma ba adalci ba ne mai arziki ya ɓata iska, talaka ya biya da abincinsa. Kada kunya ta sa ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba.