Maganin da Ummu Ta Hana Mijinta

Tun da Lawwali da matarsa Ummu suka dawo Illela daga asibiti, ba a ƙara shiga gidansu kai tsaye ba. Ummu ta ajiye buta da sabulu a zaure. Mai dubiya ya wanke hannu, mai tari ya koma inda ya fito. Ita kuma kullum baki da hanci a rufe da takunkumi, ko furar da aka kawo ba ta taɓawa.

Kowa ya san ciwon ƙoda ne ya shiga gidan. An daɗe ana ganin su biyu suna shiga motar Sakkwato zuwa wankin ƙoda, kuma duk wanda ya tambaya, Lawwali kan ce, "A dai sa mu a addu'a." Da ma shi siriri ne, ba wanda ya ƙara tambaya. Da aka ji an yi dashe, aka yi hamdala. Sai ga shi kwance, ɗinkin gefen cikinsa ya yi ruwa, zazzaɓi ya ƙi sakinsa, rumfarsa ta kayan babur a rufe.

Ummu kuwa sai kumatu. Fuska ta cika ta zama kamar faifai. Mata suka sa ta a baki, wai miji na jinya mata na ƙiba. Ta ji, ta ci gaba da hidimarta. Ba kowane haushin kare ake juyowa a duba ba.

Hajiya Hindatu, yayar Lawwali, ta zo daga Amarawa da jarkar jiƙo. Ita ta raine shi, kuma ita ce ta hana shi ba Ummu jini lokacin haihuwarta ta fari, ta ce jinin gidansu ba na rabo ba ne. Ummu ta karɓi jarkar da hannu biyu, ta juye a kwata a gaban idonta.

Hindatu ta ƙi komawa, ta zauna ta sa ido. Da safe ta leƙa madafa, ta ga Ummu ta kwance ledar magungunan asibiti, ta watsa ƙwayoyin a bakinta. Lawwali bai samu ko ɗaya ba. Da la'asar ta sake kama ta, ta fizge ledar.

"Ashe ke ka shanye maganinai. Shi shina ƙonewa, ke kina kumatu."

"Yaya, aje ledar ga."

"Ba ni ajewa. Da hannuna za ni ba shi, ke kuma yau kina barin gidan ga."

Ummu ta riga ta zuwa ƙofar ɗakin, ta tokare ta da jikinta. Muddin tana numfashi, ƙwaya ɗaya daga ledar nan ba za ta shiga bakinsa ba. Daga ciki Lawwali ya ɗaga murya da ƙyar.

"Ummu, kin yi mini alkawari ba ki gaya mata."

Alkawari kaya ne, amma ba a binne rai biyu saboda shi. Ummu ta sauke takunkumi, ta cafke hannun Hindatu, ta danna shi a kan mararta, inda tabon ɗinki ya yi tudu a ƙarƙashin zane.

"Taɓa ki ji, Yaya. Ni anka yi wa dashe. Ƙodar ƙanenki tana nan, kuma maganin ga shi ka hana jikina ƙin ta, sai ki tafi da shi in kin iya."